Rigar shat ta zuwa aiki: a ina zan saya, kuma mai tsada ta fi daɗewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Allah ya sa na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin gari, kuma dokarsu ita ce malamai maza su sa ƙananan kaya daga Litinin zuwa Alhamis, rigar shat da wando a yi zanzaro, ranar Juma'a kuma manyan kaya. Ni kuwa duk kayana kaftani ne da jamfa. Na taya riga a kasuwar Gujungu aka ce N6,000, wani abokina kuma ya kai ni wani kanti a Zoo Road a Kano na ga ta N25,000, ya ce in daure in sayi irinta don ita ce ba ta mutuwa. A kan babur nake zuwa aiki kullum, albashin kuma ba wani mai yawa ba ne. Don Allah a ina ya kamata in saya, kuma ƙarin kuɗin nan yana da amfani ko asara ce?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya sa ka shiga da ƙafar dama.

Abu biyu kake tambaya: inda za ka samu rigar, da kuma ko ta N25,000 za ta yi maka aikin ta N6,000 guda huɗu. Bari in fara gaya maka matsayina kafin in kawo dalili. Ƙarin kuɗi yana da amfani, amma yana da inda yake tsayawa. Daga riga mafi araha zuwa matsakaiciya, kusan duk nairar da ka ƙara cikin yadi da ɗinki take shiga. Daga matsakaiciya zuwa ta kantin gilashi kuwa, mafi yawan ƙarin kuɗin hayar shago ne da man janareta da sunan da aka liƙa a bayan wuya. Wanda yake bin hanyar burji a kan babur, ya wuni gaban allo cikin zafin watan Afrilu, waɗannan ukun ba abin da za su tsinana masa.

Ka kuma san cewa ni tela ne, da keken ɗinki nake ciyar da iyali. Idan ka ji ina yabon ɗinki, ka auna maganar da hankalinka. Inda gwanjo ya fi mu ma zan faɗa, don akwai wurin.

Abin da ke kashe riga a wajenmu

Rigunan shat da ake kawo mini gyara, kusan a wuri uku suke fara mutuwa: kwala, bakin hannu, da hammata. Jikin rigar da kansa sau da yawa lafiyarsa ƙalau, har za ka ji takaicin a yar da shi. Kwalar ce kan gaba. Gumi da maiƙon jiki suna taruwa daidai inda take naɗewa, ƙurar hanya ta zo ta zauna a kai, ya zama baƙin layi. Mai wanki ya ga layin nan, sai ya ɗauko burushi ya hau dirza. Duk dirza ɗaya tana tsinka wasu 'yan zaruruwa. Da farko wurin zai yi fari-fari, sannan ya yi gashi, daga nan ya tsage gam ɗin ciki, wato abin da ake mannawa a cikin kwala don ta tsaya, ya leƙo. Burushi kuwa ba ya tambayar nawa aka sayi riga.

Saboda haka rayuwar riga a ƙauye ba da shekara ake ƙirga ta ba, da yawan wanki ne. Mutumin da ke Abuja, daga gida mai sanyi ya shiga mota mai sanyi ya sauka ofis mai sanyi, zai iya sa riga sau biyu kafin a wanke ta, kuma inji ne zai wanke a hankali. Don irinsa aka yi rigunan nan masu tsada. Kai kuwa sawa ɗaya wanki ɗaya ne: da bazara gumi, da hunturu ƙura, da damina laka ta fallatso daga tayar gaba. Ga ranarmu, wadda idan aka bar riga a kan igiya daga hantsi zuwa la'asar sai ta cinye launin kafaɗu. Ga dutsen guga na gawayi, wanda ba shi da ma'aunin zafi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya huda gaban riga.

Yadin shi ne rigar

Iri uku za ka tarar a kasuwa: auduga zalla, zaren roba da ake kira foliyesta wanda mu muke ce wa leda, da kuma gaurayen biyun. Bambancinsu a jiki ba ƙarami ba ne. Zaren auduga yana iya riƙe danshi kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, na leda kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Shi ya sa auduga take shanye gumi iska ta busar da shi ka ji sanyi, leda kuma ta bar shi a kan fata yana gangarowa ta gadon baya. Leda tana kuma kama maiƙo, don haka take riƙe warin hammata ko bayan an wanke. A aji mai rufin kwano, da yara cike, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutuncin malami.

Amma leda ba ta rasa nata alherin. Ba ta yamutsewa sosai, tana bushewa da wuri, launinta ya fi daɗewa, zarenta kuma ya fi ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa yadin yunifom na makarantu da ma'aikatu yawanci gauraye ne, leda kashi 65, auduga kashi 35. A ganina, ga mai aiki irin naka a juya lissafin ya fi: auduga ta rinjaya, kamar 60 da 40, ko kuma auduga zalla mai ɗan kauri idan ba ka ƙyashin guga.

Akwai wani abu da masu kanti ba za su gaya maka ba. Zaren riga yana da lamba, kuma gwargwadon hawan lambar gwargwadon sirantarsa. Rigunan yau da kullum da zare mai lamba 40 ko 50 ake saƙa su, masu tsada kuma 100, 120, har 140. Mai lamba 120 tana da santsi da sheƙi, ka taɓa ka ji daɗi, amma ta fi laushi, ta fi saurin yamutsewa, kuma ita ce ta fi kasa jure wankin hannu. Wato wani lokaci tsadar ma kuɗin laushi kake biya, ba na ƙarko ba. Wadda na fi ganin tana jurewa a wajenmu ita ce wadda 'yan kasuwa ke kira oksfod, mai ɗan kauri, in ka matso da ita kusa da ido za ka ga saƙarta kamar ta tabarma. Bayanta sai mai siraran layuka a karkace irin na kaki. Foflin, wato mai santsi marar kauri, ya fi su sanyi amma ya fi su saurin lalacewa.

Takardar da ke wuyan riga ba abar dogaro ba ce a kan sababbin kaya masu araha, kowa na iya buga "100% cotton" ya liƙa. Hannunka da idonka su ne shaidu. Damƙe gefen yadin a tafin hannu ka matse, sannan ka saki: auduga za ta fito da yamutsa, leda za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Ɗaga shi sama wajen haske: idan kana hango yatsunka sarai ta ciki, singiletinka ma haka ɗalibai za su riƙa hangowa. Idan yadi ne na awo, ka nemi izinin mai shago ka zare zare biyu ko uku daga baki, ka koma gefe nesa da kaya ka kusanta musu ashana. Auduga za ta ci da wuri, ta yi ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi da za ta watse in ka murza. Leda za ta janye daga wutar tana narkewa, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Gauraye kuma zai ba ka toka da ɗan tauri a ciki. Ɗan kasuwar da ya san kayansa ba ya jin haushin wannan gwaji, wani ma shi zai miƙo maka ashanar.

Mu yi lissafi da kuɗin da ka ambata

Shekarar makaranta zango uku ce, mu ce mako 39 ko 40. Idan kana da riga huɗu, kowace za ta fita sau ɗaya a mako, wato kusan sawa 40 da wanki 40 a shekara. A ce ta N6,000 ta yi maka rabin shekara kafin kwalarta ta kumbura ko launinta ya koɗe har ka ji kunyar shiga aji da ita. Sawa 20 ke nan, kowace fita ta ci maka N300. A ce kuma ka haɗa wata da yadi da kuɗin ɗinki a kan N12,000, ta yi shekara biyu. Sawa 80, kowace fita N150. Ka ga a nan mai tsadar ita ce mai araha, kuma a nan ne maganar magabata ta sayen nagari mai da kuɗi gida take da gaskiya.

To ta N25,000 fa? Kafin ta sauko N150 a kowace fita sai ta yi sawa fiye da 160, shekara huɗu da ɗoriya ke nan. Kwalar da za ta sha wankin hannu 160 a ƙauye ta fito da mutuncinta, ba a cika samunta ba ko nawa aka saye ta. Kuma lissafin ma ba zai tafi haka ba, domin wanda ya zuba N25,000 a riga ɗaya da ƙaramin albashi ba zai iya sayen huɗu ba. Zai ƙare da biyu, yana wanke ɗaya da dare ya sa da safe, wani lokaci da sauran danshi a guge ta da dutse mai zafi. Riga biyu masu tsada da ake azabtarwa haka za su riga matsakaita huɗu mutuwa. Waɗannan alƙaluma misali ne na aza a kan naka, farashi yana motsi kowane wata, amma yadda lissafin yake karkata ba ya canzawa.

Dalilin motsin farashin kuwa sananne ne. Da can audugar Funtua da Gusau masaƙun Kaduna da Kano take tafiya. Masaƙar Kaduna Textiles tun 1957 ta fara aiki, Kano kuma tana da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Yawancinsu sun rufe, yanzu kusan duk yadin shat da za ka taɓa daga Sin ko Indiya ko Turkiyya ya zo, da dala aka sayo shi. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a farkon 2024. Masu shigo da kaya da yawa, don kada farashi ya kori masu saye, sai suka koma kawo yadi mai ƙarancin auduga da ƙarancin kauri. Shi ya sa rigar araha ta yau ba ta kai rigar araha ta shekarun baya ba.

Kasuwar mako

Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, duk za ka samu masu rataye riguna sababbi a leda, da kwali a wuya da allurai. Mafi yawan rigunan 'yan Sin ne ko ɗinkin Aba, kuma daga Kano aka saro su aka ɗora riba da kuɗin mota. Ba duka ne marasa kyau ba, a Aba akwai teloli na gaske, sai dai abin da ke isowa kasuwar ƙauye yawanci na ƙasa-ƙasa ne, don shi ne kuɗin mutane ke iya kaiwa. Amfanin kasuwar mako shi ne tana kusa, ba kuɗin motar Kano, kuma mai kayan zai dawo mako mai zuwa idan akwai magana.

In za ka saya a nan, kada ka yarda da riga a cikin leda. A buɗe, ka juya cikinta waje. Dubi ɗinkin gefe: a tsawon inci ɗaya, kimanin gaɓar babban yatsanka, ƙirga takun allura. Riga mai kyau takan kai 14 ko fiye, ta garaje ba ta kai 10. Ja ɗinkin hammata a hankali da hannu biyu, idan ya wage ka ga zare na murmushi, ajiye ta. Lanƙwasa kwalar ka saurara: in ta yi ƙara kamar takarda, gam ɗin takarda ne a ciki, wanki kaɗan zai sa ya yi ƙuraje. Sai tsawon rigar, wanda mutane ke mantawa. Kai da za ka yi zanzaro kana ɗaga hannu kana rubutu a saman allo, gajeriyar riga duk minti biyar sai ta zazzago daga wando. Masu yin na araha a tsawo suke cin riba. Ka tabbata ta sauka ta rufe mazaunai.

Gwanjo

A nan ne zan faɗi gaskiyar da ba ta yi wa sana'ata daɗi: rigar gwanjo zaɓin farko, a kuɗinta, ba telan da zai iya ba ka yadi da ɗinki irin nata. Riguna ne da aka yi wa kasuwar Ingila da Amurka, irin su Marks & Spencer, Next, Van Heusen, T.M. Lewin, an ɗinka su a manyan masana'antun Bangaladesh ko Biyetnam ko Indiya da injin da ke manne kwala da zafi da matsi daidai gwargwado, abin da dutsen gugarmu ba zai iya ba. Takardar wuyansu kuma gaskiya take faɗa. An riga an wanke su sau da yawa, don haka duk shan ruwan da za su yi sun gama, girman da ka gwada shi ne girmanta.

Cibiyar gwanjo a Kano ita ce kasuwar Ƙofar Wambai. A takarda gwanjo na cikin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su, shi ya sa mafi yawansa ta Kwatano yake zagayowa, kuma duk lokacin da aka matsa a kan iyaka, kamar rufewar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai dila ta yi tsada. Sirrin gwanjo shi ne lokacin fasa dila. Masu zaɓe suna tsaye tun da sassafe, su tsince na ɗaya, wasunsu su kai a wanke a goge a sa a leda, kuma kada ka yi mamaki idan irinta ce ka gani a rataye a wani kantin da kuɗi ninki uku. Abin da ya rage shi ke gangarowa kasuwannin ƙauye a zube a kan tabarma. Ka samu mai shago ɗaya ka saba da shi, ka karɓi lambarsa, ya gaya maka ranar da zai fasa ta riguna.

Wajen zaɓe, fara da wuraren nan uku. Buɗe kwalar ka dubi layin naɗin, in ya fara fari ko gashi an riga an ci rabin ranta. Dubi bakin hannu. Dubi hammata a rana ba a cikin rumfa ba, domin rawayar da ta daɗe a wurin ba ta fita. Ka lura da ɓangaren maɓalli: rigar maza maɓallanta a hannun daman mai sawa suke, ta mata a hagu, kuma ta mata takan zo da 'yar tsuke a ƙirji. A dila suna cakuɗewa, kuma ɗalibai mata za su gane kafin kai ka gane. Lambar wuya da inci take, 15, 15 da rabi, 16, ko da santimita, 38, 39, 41. Je wurin tela ya auna wuyanka tukun. In wuya da kafaɗa sun zauna, sauran mai sauƙi ne, rage faɗin jiki da tsawon hannu aikin ɗan lokaci ne a kan keke. In wuya ko kafaɗa sun yi yawa kuwa, bar ta komai kyanta. Ka kai gida a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya, a goge sosai kafin ta taɓa jikinka.

Matsalar gwanjo ita ce sa'a. Wata rana ka samu huɗu a tsaye ɗaya, wata rana ka ƙona kuɗin mota ka dawo da ɗaya.

Kantin Kwari da tela

Wannan ita ce hanyar da nake ba mutum shawara idan aikin ya zauna, yana son abin da zai riƙa maimaitawa. A Kwari akwai masu yadin shat da na yunifom, suna yanka maka ko yadi biyu ne. Riga mai dogon hannu tana cin yadi biyu in faɗinsa inci 58 ko 60 ne, biyu da rabi in mai inci 44 ko 45 ne. Ƙara kwata a kan kowace, zan gaya maka amfaninsa. Tunda daga tashar 'Yankaba za ka shigo gari, Kwari da Ƙofar Wambai ba su da nisa da juna, tafiya ɗaya ta isa ka leƙa duka biyun. Yadin auduga a jiƙa shi a ruwa ya bushe kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko zai ɗage hannu ya matse wuya.

Wahalar tana wajen telan. Yawancinmu a ƙauye telolin kaftani ne, kuma wanda ya iya wuyan kaftani ba lallai ya iya kwalar shat ba, aiki ne daban. Kwala tana da gindi da ganye, dole kunnuwanta biyu su zo daidai, ta kwanta ba tare da ta murɗe ba, ga tsagar hannu, ga ramukan maɓalli. Nemi wanda ke ɗinka wa makarantu ko masu kaki yunifom, su ne hannunsu ya faɗa. Ce ya nuna maka rigar da ya ɗinka wadda aka riga aka wanke, ba sabuwa ba. Kai masa rigar da ta zauna maka daidai ya kwaikwaya, ko ta gwanjon ce, ya fi awon tef kaɗai. Ce masa gam mai yadi kake so a kwala da bakin hannu, ba na takarda ba, ko da za ka ƙara ɗan wani abu. Kuma ɗaya za ka fara ba shi. Ka sa ta, a wanke ta sau biyu ko uku, in ta yi sai ka kawo sauran.

Kada ka kai ɗinkin nan cikin azumi ko gab da Babbar Sallah. Lokacin shaguna cike suke da shadda, ba a barci, kuma rigarka yaron shago za a miƙa wa. Bayan Sallah da mako biyu, maigidan da kansa zai zauna a kanta.

Kanti da sayayyar waya

Kantunan birni suna da ranarsu. In kana da ganawar neman aiki ko wani taro da za a dube ka daga sama zuwa ƙasa, riga ɗaya mai kyau a ajiye ba laifi ba ce, kuma akwai 'yan Turkiyya masu kyau na gaske. Sai dai manyan sunayen nan su ne aka fi buga jabunsu, don haka gwajin da za ka yi wa ta Gujungu shi za ka yi wa ta kanti, kada sanyin shagon ya sa ka ji nauyin juya riga. Masu tallar Facebook da WhatsApp kuwa, hoto ba ya nuna kaurin yadi, kuma in an ba direba saƙo ya kawo maka tasha ta zo ba daidai ba, mayarwa ta fi kuɗin rigar wahala. Sai wanda ka taɓa saya a hannunsa ido da ido.

Wannan shawara duk ta mai koyarwa ce da ma'aikacin ofis na karkara. Wanda aikinsa na gareji ne ko gona ko injin niƙa, kaki mai kauri ne nasa, wanda kuma ke aikin banki a birni da laktaye, lissafinsa ya fi karkata wajen kanti.

Da ni ne kai

Kafin albashin farko, zan nemi gwanjo masu kyau biyu ko uku, in cike da ɗaya ta kasuwar mako wadda ta ci gwaji, don dai a samu huɗu. Daga albashi na biyu sai in fara yanko yadi ɗaya-ɗaya ina maye gurbin wadda ta fi rauni. Launi kuwa, shuɗi mai haske, ruwan toka, da masu siraran layuka ko ƙananan gidaje su ne ke ɓoye ƙura. Fara tas tana da kwarjini, amma jar ƙasar burji ba ta barinta ta kai azahar. Baƙa da shuɗi mai duhu su ne mafi muni ga malami: alli ya hau, gishirin gumi ya zana taswira a baya, rana kuma ta koɗar da su. In dokar makarantar ta yarda da gajeren hannu, ka sa biyu su zama haka, ka huta da matsalar bakin hannu, yadin ma ya ragu.

Sauran ƙarkon a hannun mai wanki yake, don haka ka zauna da duk wanda ke yi maka, ko kai ne ko uwargida ko ƙanenka. A shafa sabulun sanda a kwala a bar shi ya jiƙa na ɗan lokaci, a cuɗa da hannu, burushi ya tsaya a kan wando. A juya cikin riga waje a shanya a inuwa. Ruwan bilic yana cin auduga, farar riga mai leda kuma yana mai da ita rawaya, bula ta fi shi aminci. Mai gaurayen leda a guge ta da dutsen da ya ɗan huce, ko a shimfiɗa ƙyalle a kai, in ba haka ba za ta yi ƙyallin da ba ya gyaruwa. Turare mai maiƙo a jiki ake shafa shi, ba a riga ba. Sa singileti mai hannu a ciki ya tare gumin hammata, a kan babur kuma ɗora tsohuwar jamfa ko jaket a sama ka cire in ka isa. Biro a rufe shi kafin ya shiga aljihu.

Kwatan yadin da na ce ka ƙara, ka karɓe shi daga hannun tela ka riƙa jefa shi cikin wanki lokaci-lokaci don launinsa ya tafi tare da na rigar. Ranar da kwala ta gaji, da shi za a yanka sabuwa. Ta gwanjo kuma da ba ta da ƙyalle, tela zai iya farke kwalar ya juya ta, gefen da ya cinye ya koma ƙasa, mai lafiyar ya dawo sama, muddin ba mai 'yan aljihun roba a ƙarƙashin kunnuwa ba ce. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba, amma a kawo ta tun layin yana fari, kafin ya tsage.